Tafintan Kotu da Injin Agushin Ubale

Malachi ya shekara goma sha takwas yana tafinta a wata kotun alƙali a Keffi. Amma in ka tambayi tsofaffin Sabon Gari me suke tunawa da shi, ba kotun za su fara ambata ba. Cewa za su yi, "Ai mutumin nan ne mai tura keke yana magana shi kaɗai." Gaskiya ne kuwa. Yana da baƙin keke mai kyau da yake gogewa kowace Asabar, amma in tunani ya kama shi sai ya sauka ya riƙa turawa, wai ƙafa ba ta iya tuƙi alhali kai yana wani gari.

A wani ƙauye kan dutse ta wajen Akwanga aka haife shi. Mahaifinsa Mada ne, mahaifiyarsa Eggon, ya tashi da harsunan biyu a baki. Hausa a kasuwa ya tsince ta, Turanci kuma a makarantar mishan. Ya shigo Keffi ana saura shekara guda a ba da mulkin kai, da akwatin kwano a ka. Burinsa a lokacin ya zama lauya. Ya shiga karatu ta gidan waya, ana aiko masa da darussa daga Ingila cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Sau biyu ya je Jos ya zauna jarrabawa, sau biyun bai ci ba. Waɗanda suka san shi sun ce ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. In ya gamu da tambayar da ta yi masa daɗi, sai ya tsaya yana juya ta har a ce a ajiye alƙalami. Ya haƙura da lauyanci, amma bai yar da littattafan ba. Matarsa Dokas, wadda ke sayar da agushi da daddawa a kasuwa, ta ɗinka musu riga da buhun gishiri don kada gara ta ci.

Kotun ɗaki ne mai rufin kwano da taga ɗaya. Bayan azahar rana takan shigo ta tagar ta kwanta a kan tabarmar masu ƙara. Yawancin shari'un na iyakar gona ne, da akuyar da ta yi ɓarna, da gado. Malachi yakan tsaya gefen Alƙali Abubakar, wani dattijo mai sanyin murya, yana kwashe magana daga wannan baki yana zubawa a wancan kunne. Ya iya aikin ƙwarai, har ma yakan yi shi rabin hankalinsa na kan inuwar ganyen mangwaro da ke rawa a bango.

A daminar 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka shigo da ƙarar da ta tashe shi daga wannan gyangyaɗin.

Mai ƙarar Ubale ne, maƙeri daga unguwar Yara, wanda ya gaji ƙira ya kuma haɗa da gyaran keke. Matarsa Huraira tana ɓare agushi da hannu kamar sauran mata, har yatsunta suka yi kanta, farce ya tsage. Ganin haka Ubale ya shekara uku yana gwaje-gwaje a bayan maƙera. Ya yanka rabin durom, ya sa faifan ƙarfe biyu masu kaushi a ciki, ya haɗa su da sarƙar keke, ya mai da feda abin juyawa da hannu. In an yayyafa wa agushi ruwa an zuba ta sama ana juyawa, sai ƙwaya ta rabu da ɓawo. Aikin da mace ke kwashe mako tana yi, injin ya gama shi tsakanin azahar da la'asar. Ubale ya girke shi a ƙofar maƙera, mata suka yi ta zuwa da ƙwarya.

Wanda ake ƙara kuwa Boaz ne, manomi ɗan Eggon da ke zaune a Agwada, mai ɗan taɓa aikin kafinta. Ya kawo buhunsa aka ɓare masa, ya wuni a kan benci yana kallo, har goro ya saya wa maƙerin. Bayan wata biyu sai ga inji irinsa sak a kasuwar Agwada, Boaz na gaya wa mutane wai a mafarki aka nuna masa.

"Allah ya gafarta Malam, sata ya yi mini," in ji Ubale.

Alƙali ya ce, "Me ya ɗauka?"

"Injina."

"Ina injin yake yanzu?"

Ubale ya ce, "Yana ƙofar maƙera."

"An cire wani abu a jikinsa? Ko ƙusa ɗaya?"

"A'a."

Aka juya ga Boaz. Hausarsa ba ta nuna ba, don haka ya yi magana da harshen uwar Malachi. Ya buɗe tafin hannuwansa biyu ya nuna wa kotu, ya taɓa idonsa, ya faɗi 'yan kalmomi. Kowa ya dubi tafinta. A karo na farko tun da ya kama aiki, Malachi ya buɗe baki bai sami abin faɗa ba. In ya ce "na gani", ya rage maganar. In ya ce "na ɗauka", ya ɗora wa mutum laifi. Ruwa ya fara sauka a kan kwano, kotu na jira.

Daga ƙarshe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, cewa ya yi hannunsa bai taɓa komai ba. A ido ya ɗauko shi ya kai gida."

Aka yi dariya, ban da Ubale. Alƙali ya bari aka lafa, sannan ya yi bayani a hankali. Sata a shari'a, in ji shi, ita ce a cire dukiya daga ma'ajiyarta ta bar hannun mai ita. "Ubale, in maƙwabciya ta shigo ta ɗebi wuta a murhun Huraira, tuwonku zai fasa dahuwa?" Ya ja wa Boaz kunne a kan ƙaryar mafarki, ya sallami ƙarar.

Da aka watse, Malachi na tattara takardu, sai alƙalin ya ce da shi, ba tare da ya ɗago kai ba, "Tafinta, hukuncin nan daidai yake da littafi. Amma fuskar maƙerin nan za ta bi ni gida."

Malachi ma fuskar ta bi shi gida. Washegari ya sayi littafin rubutu mai jan bango, ya rubuta a shafin farko: Mene ne ake ɗauka amma bai bar wurinsa ba? Daga nan ne ya fara tura keke. Ran Lahadi in an tashi daga coci yakan gangara bakin rafin Antau ya zauna a kan wani falalen dutse, yana kallon masu wanki suna shanya a kan ciyawa. A nan yakan ga injin Ubale a ransa, yana tafe cikin kan Boaz a hanyar Agwada, ba nauyi, ba gammo, yana ƙetare rafi bai jiƙe ba, ɗan sandan da ke kan hanya ya duba kaya bai gan shi ba. Wani lokaci tunanin ya faɗaɗa, ya ga duk mutanen kasuwa kowa na ɗauke da kayan wani a kai: mai ɗinki da zanen hular da ya hango, mai ƙosai da sirrin kakarta, shi kansa da Turancin wata baturiya da ta daɗe da komawa ƙasarsu. Sai ya rasa inda mutum ɗaya ya ƙare wani ya fara. Yakan farga ne in inuwa ta kai ƙafarsa.

Littattafansa na Ingila sun san matsalar, amma amsarsu ta yi nisa. A da, wanda ya ƙirƙiro abu sai ya fara yin rajistarsa a can ƙasar Turawa kafin a san da shi a nan. Malachi ya yi ƙoƙarin hango Ubale da rigarsa mai ƙonon wuta a cikin jirgin ruwa, ya kasa.

Bayan yaƙi gwamnatin soja ta fitar da sabuwar doka a kan ƙirƙira, ta gida. Jaridar gwamnati da ke ɗauke da ita ta iso kotu a makare, gefenta ya sha ruwa. Malachi ya roƙa aka ba shi aro. Ya karanta rabin farko zuciyarsa na tsalle, ya hau keke, wannan karon da gaske, ya nufi Yara. Kwana huɗu yana zuwa maƙera da la'asar, yana auna faifai da zare, yana zana sarƙa haƙori bayan haƙori. Ubale, wanda tun ranar shari'a bai cika magana ba, ya fara sakin fuska. A rana ta biyar Malachi ya sake bin dokar a tsanake, sai ya ci karo da sharaɗin da ya tsallake cikin ɗoki: dole abin ya zama sabo, wanda jama'a ba su riga sun sani ba. Injin Ubale kuwa ya shekara biyu a bakin hanya, duk matan gari sun san kukansa.

Ya je ya faɗa masa. Ubale ya ajiye masaba, ya share gumi.

"Malam Tafinta, wato da na ɓoye shi a ɗaka, Huraira kaɗai ke amfani da shi, da doka ta tsare mini?"

"Da ka kai takarda kafin ka fito da shi, e."

"To ni da na fito da shi don mata su huta, ni ne na yi wauta ke nan."

Malachi ya rubuta maganar a jan littafi kamar yadda aka faɗe ta. Kafin ya tashi, Ubale ya ƙara da wata wadda ta fi zama masa a rai. Ya ce shi ba ciniki ne ya dame shi ba, Agwada da nisa, matan can ba za su taɓa zuwa Yara ba. "Shekara uku na yi. Na ƙone nan, na ƙone nan. Mutum ya ce wai barci ya yi ya gani."

Amsar da Malachi ya nema a littattafai, a tsakar gidansa ya fara jin ƙamshinta. Dokas ba ta yarda da injin ba, ta ce yana fasa ƙwaya, don haka agushin miyar gida da hannu take ɓarewa. Wata ranar Asabar da hantsi yana zaune kusa da ita yana ta bayanin doka, ita kuwa yatsunta na aiki.

Ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, "Baban Lea, kai da wahalar da kai. Wannan agushin da ke hannuna, ka san sunansa?"

"Agushi yana da suna?"

"Irin Hajo ne. Wata tsohuwa ce a garinmu ta zaɓo shi tun ina goye, mai faɗin ƙwaya. Duk wadda ta roƙa ta ba ta, ba ta taɓa hana kowa ba. Amma ko a ina ka shuka shi, irin Hajo za ka ce. Wata ta taɓa cewa nata ne, mata suka daina gaishe ta a rafi har ta janye."

Malachi ya daɗe yana kallon ƙwayar da ta ɗora masa a tafin hannu. Ran Litinin ya kai wa Alƙali Abubakar labarin. Dattijon ya yi murmushi ya ce ai malamai ma haka suke, ba a hana ɗalibi ɗaukar karatu, amma albarkar ilimi ita ce a jingina shi ga wanda aka ji daga bakinsa. Tun daga ranar, in an tashi kotu, su biyun sukan ɗan zauna, ɗaya da littafinsa na fiƙihu, ɗaya da jaridar gwamnati, suna lalube tare. Jan littafi ya cika, aka sayi na biyu, aka sayi na uku.

Da kaka ta yi, Malachi ya tafi Agwada neman Boaz. Ba kotu ce ta aike shi ba, so yake kawai ya ji ta bakinsa ba tare da alƙali a tsakani ba. Hanyar ta bi ta cikin gonakin doya da riɗi, ga duwatsu can nesa sun yi shuɗi kamar hayaƙi. Ya tarar da Boaz a ƙarƙashin ɗorawa, a fusace. Injinsa ya canza. Ya ƙera masa fifiken katako a gefe, yana juyawa tare da sarƙar, yana hure ɓawo waje, ƙwaya na zuba tsaf ba sai an shiƙa ba. Abin da ya fusata shi kuwa, wani mai walda da ya zo cin kasuwa ya ga fifiken, yanzu ga shi can yana ƙera irinsa a wani gari.

"Ɗan'uwa, wata shida na yi a kan fifiken nan," in ji Boaz da harshensu. "Kai da ka san doka, ba abin da za a yi masa?"

Malachi ya zauna a kan saiwa ya yi dariya har hawaye. Boaz ya tsaya yana kallonsa, can sai shi ma ya gane, ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Suka ci doya da manja. Malachi ya ba shi labarin irin Hajo, bai ƙara komai a kai ba.

Bayan mako uku, ranar kasuwar Keffi, wata motar ɗaukar doya ta tsaya a Yara. Boaz ya sauko da inji mai fifike, da zakara, da ƙullin goro. Ya durƙusa a ƙofar maƙera a gaban mutane, Malachi na fassara, ya ce ba mafarki ya yi ba, a nan ya gani, a wurin wannan mutumin. Ya ce ga wannan ya kawo wa mai shi. Ubale ya zagaya injin, ya juya feda, ya sa hannu ya ji iskar da fifiken ke fitarwa. Ya kira Huraira ta kawo agushi aka zuba. Ɓawo ya tashi sama, ya yi ta shawagi cikin rana yana sauka a kan rawunan masu kallo.

"Kai, yaya aka yi ban ga wannan ba?" in ji Ubale. Ya dubi Boaz. "Tashi, Malam. Zo ka nuna mini yadda ka ɗaure shi."

Ba a rubuta wata yarjejeniya ba. Amma daga baya duk injin da ɗayansu ya ƙera, sai a buga masa ɗigo uku a jikin durom, alamar gidan su Ubale, a ƙona ƙaramin gicciye a kan fifiken, alamar Boaz. Mata suka sa wa injin suna Ubale mai shiƙa. Masu walda sun ci gaba da kwaikwaya, ba wanda ya hana su, sai dai su ma da wannan sunan suke sayarwa, don in ba haka ba ba a gane abin da suke nufi.

Shekarun man fetur suka zo. Albashi ya hau, rediyo da babur suka cika gari, aka ce za a gina sabon babban birnin ƙasa ba nisa da Keffi, manyan motoci suka fara ratsawa da siminti. Injinan dizal suka shigo, na hannu ya koma ƙauyuka. Alƙali Abubakar ya rasu. Malachi ya ajiye aiki a 1977 da jajayen littattafai bakwai, ba wanda ya karanta su sai shi.

Shekara na zagayowa sai ga wata ƙaramar mota ƙirar kunkuru a ƙofar gidansa. Wata matashiya ta fito, ta ce sunanta Scholastica, tana koyar da shari'a a jami'a, tana yawo kotu-kotu tana tambayar yadda mutane ke sasanta rigimar fasaha a gargajiyance. Magatakardan kotu ne ya turo ta. Ta ce minti talatin kawai take roƙo. Kwana uku ta yi. Ta zauna a kan tabarma tana buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya, wani wuri ta yi gardama, wani wuri ta koma baya ta sake karantawa.

"Baba, ka san manyan malamai a ƙasashen waje suna ta jayayya a kan wannan? Ko haƙƙin mai ƙirƙira riba ce, ko kuwa suna?"

"'Yata, ni ban san su ba. Maman Lea ce ta gaya mini."

Ta zo da rakoda, ta ɗauki hirarsu, ta kunna masa. Malachi bai taɓa jin muryarsa daga waje ba. Ya saurara da kai a karkace, kamar mai jin baƙo a zaure, can ya ce, "Wannan mutumin akwai surutu." Dokas ta yi dariya har ta saki faifai.

Ya ba ta aron littattafan, ta mayar da su cif bayan wata huɗu. Da damina ta sake zagayowa, gidan waya ya kawo mujallar shari'a mai farin bango. A ciki akwai maƙala mai shafi ashirin da shida, a samanta sunaye biyu, nata da nasa. A ƙasan shafi na tara an ambaci Dokas da Hajo, a na sha ɗaya Alƙali Abubakar. Malachi ya karanta sau biyu a bakin Antau. Ya lura an zana fifiken a hagu alhali a dama yake, ya rubuta mata wasiƙa ta ladabi ya gyara. Sannan ya kai mujallar Yara ya fassara wa Ubale ita tun daga farko har ƙarshe, cikin yammaci uku. Ubale ya ce a nuna masa inda sunansa yake, ya ɗora babban yatsa a wurin, ya bar tabon gawayi.

Bayan wannan Malachi bai ƙara rubutu ba. Ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana magana a kan masu ƙira, shi kuwa bai taɓa ƙera ko allura ba. Sai ya riƙa zuwa maƙera kowace safiya, tsoho da farin gashi, yana zuga wa Ubale wuta, yana kallon ƙarfe na ja yana komawa fari. Ubale ya yi ta fama da shi, hannun tafinta bai san guduma ba. A shekara biyun da suka rage masa, abu ɗaya tak ya kammala da kansa: wani cokalin miya mai karkataccen wuya, bakinsa ya fi faɗi a gefe guda. Ya kawo gida a naɗe cikin takarda. Dokas ta juya shi, ta auna nauyinsa a hannu, ta ce zai yi. Da shi ta riƙa kwashe miya har ƙarshen rayuwarta. Maƙwabta sun sha ganinsa a tukunyarta, kuma har yau ba a ji wanda ya kwaikwaye shi ba.